Abin Da Ya Rage Na Irfan

Da safiyar Asabar, tun masu koko ba su sauke tukunya ba, labari ya zaga Tsohon Zango cewa an sace mutum daga cikin firizar Mma Mamuna. Kafin ya kai bakin titi inda motocin haya, turoturo, ke lodi, mutumin ya zama biyu, ɗayan ma an ce ba shi da kai. Halin Zango ke nan. In ka yi atishawa a ƙofar masallaci, a babbar kasuwar Kejetia za a je yi wa danginka ta'aziyya.

Abin da ya faru bai kai haka ba, amma shi ma ba daɗin ji. A gidan Malam Sanni, babban gidan nan mai ɗakuna a jere da tsakar gida ta siminti, akwai 'yar wansa Ruwaida, mai aikin bincike a wani ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Ranar Juma'a injin sanyin wurin aikinsu ya mutu, janareta ya ƙi tashi. Sai ta zo gida da wata farar kula, ta roƙi Mma Mamuna, 'yar hayar gidan mai sayar da ƙanƙara da sobolo, wato zoɓo, ta bar kular ta kwana a firizarta, da safe za ta wuce da ita Ankara, babban birnin Ghana. Cikin kular akwai 'yan kwalabe na roba, kowace ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Da gari ya waye kula tana nan, kwalabe babu.

Malam Sanni ya ce ɗan sanda ba zai taka masa gida ba alhali ana takaba a ciki. Ya ce a kira Buraima.

* * *

Buraima mai bin sawu ne. Da shanu ya sauko daga Nijar yana saurayi, kuma shekaru masu yawa in an sace wa dillali saniya, shi ake tasowa ya bi ta har cikin gonakin koko ya dawo da ita. Yanzu a babbar mota ake satar shanu, kwalta kuwa ba ta riƙe sawu. Matarsa ta rasu, ɗansa guda ya tsallaka hamada, wayarsa ta daina shiga. Yana zaune a ɗaki ɗaya bayan masallaci, shi da butarsa, yana cin abinci yana kallon bango. Da aka zo kiransa ya ji daɗi, kuma ya ji kunyar daɗin da ya ji, don dai masifa ce ta sa aka tuna da shi.

Ya tarar da Ruwaida a ɗan ɗakin ajiya inda firizar take, zaune a kan akwatin lemo, kular a cinyarta. Ba ta kuka. Ta wuce nan.

"'Yata, mene ne aka ɗauka? Ki faɗa mini yadda tsoho zai gane."

"Baba Buraima, ka san Yaya Irfan."

"Na san shi. Allah ya jiƙansa."

"Ciwon da ya kashe shi, shi ya kashe babanmu. Daga ƙafa yake farawa, ta riƙa ja, ya hau har ya kai ga numfashi. Ba wanda ya san sunansa. Kafin Yaya ya rasu, ya ba ni 'yar fata daga damtsensa, da yardarsa. Na raini ƙwayoyin halittar da ke cikinta har suka yi yawa, na daskarar da su. Su ne a kwalaben. Suna da rai, Baba, muddin suna cikin sanyi."

"To me kike nema a cikinsu?"

Ta ɗago kai. Da alama ta daɗe ba a yi mata wannan tambayar ba a gidan nan.

"Kowace ƙwaya tana ɗauke da gadon da mutum ya samu daga iyayensa, a rubuce. Amma ba duka ake karantawa lokaci ɗaya ba. In jiki yana bukatar a karanta wani wuri, sai wasu sinadaran jiki da ake kira furotin su taru a kansa su zama ɗigo, kamar yadda manja ke haɗuwa a saman miya. Ɗigon ba shi da fata, ba shi da bango. Su taru, a kwafi saƙon, su watse. Gobe su sake taruwa a wani wurin."

"Kamar shanu a mashaya," in ji Buraima. "Ba shinge, amma kowa ya san lokacin zuwa da lokacin tashi."

"Haka. To a ƙwayoyin Yaya na ga ɗigon da ba ya watsewa. Yana sandarewa. Zatona shi ne ya hana a karanta abin da jijiya ke bukata. Zato ne, ban tabbatar ba. A Ankara za a taimake ni a gano wane furotin ne, wane wuri ne a gadon ya sami tangarɗa. In na san wurin, zan iya duba Farhana."

Farhana ita ce 'yar da Irfan ya bari, yarinya ƙarama da ba ta fara makaranta ba. Buraima ya gan ta da shigowarsa, tana jan gwangwani da igiya a tsakar gida.

"In an sani da wuri, ana iya yin wani abu?"

"Ana iya fara nema tun kafin ya taɓa ta. In ba a sani ba, sai dai a zauna a jira."

"Uwarta ta san wannan?"

"A'a. Yaya ya ce kada in gaya mata. Ya ce ta ga mijinta yana narkewa, kada a sa ta riƙa kallon 'yarta da irin idon."

Buraima ya leƙa cikin kular. Wasu fararen ɓarɓashi ne a ƙasa suna fitar da hayaƙi mai sanyi. Ya miƙa yatsa ya ɗauki guda, sai ya yar da shi yana yarfe hannu.

"Kai! Wannan ƙanƙara ce ko garwashi?"

"Busasshiyar ƙanƙara ce, Baba, yi haƙuri, na manta ban hana ka ba. Ba ta zama ruwa. In ta daɗe a fata ƙona ta take yi, har ta kumbura ta yi ruwa kamar ƙunar wuta. Da safar hannu muke taɓa ta. Kwalaben a can ƙasanta suke."

Ya dubi kan yatsansa da ya yi fari. Ya tambaye ta tsawon lokacin da ƙwayoyin za su jure a waje. Ta ce in sun narke, ba za su ga yamma ba.

* * *

Mma Mamuna tana bakin ƙofarta da robar sobolo da ba wanda ya saya. 'Yar arewacin Ghana ce, a Zango ta koyi Hausa, kuma tana yin ta da ƙarfin da ba ya jiran gyara, ba ta bambanta namiji da mace.

"Ni bai taɓa ba koraa, ko kaɗan! Baba, duba asem, duba fitina! Yarinya ya ce magani ne, ni ya buɗe firiza. Da yamma Malam ya tambaye shi, mene cikin kula, shi ya ce naman Irfan ne, yana da rai. Gaban kowa! Naman mutum, tare da ƙanƙara na! Yau wa zai saya? Yara na makarantar allo, mutum ɗaya bai zo ba."

"Ke nan duk gida an ji."

"Har akuya ya ji."

"Kin yi fushi."

"Na yi fushi paa, sosai. Na ce ya cire. Ya yi kuka, ya ce sai safe. Na ce yoo, sai safe. In ni zai jefar, kula duka zai jefar cikin gota, ba zai tsaya tsince-tsince ba."

Wannan magana ta shiga kunnen Buraima. Mai son rabuwa da abu ba ya tsayawa tona cikinsa. Ɓarawon da ke neman na sayarwa kuwa zai ɗauke kular yadda take. Wanda ya yi wannan ya san abin da yake so, ya cusa hannu ya zaɓo. Buraima ya ce ta miƙo masa sobolo ɗaya. Ta miƙo da hannu biyu, hannuwa masu kaushi amma lafiya lau. Ya saya ya sha a gaban jama'ar da ke leƙe daga zaure, don tausayinta ya kama shi. Bai sa kowa ya biyo sahunsa ba.

Daga nan ya tsaya a ƙofar ɗakin Zahra, matar marigayi, don ya yi gaisuwa kamar yadda ya dace. Tana bayan labule, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce ba ta ji motsin komai ba, ita ba ta fita ko tsakar gida sai da dalili. Ta turo masa kofin ruwa ta ƙarƙashin labulen da hannun hagu. Ya sha, ya yi wa mamaci addu'a. Wani ɗanyen ƙamshi kamar na ganye ya fito daga ɗakin. Ya ce a ransa mai baƙin ciki ba a yi mata hisabin hannu, ya wuce.

* * *

Hayaniya ta tashi a ƙofar gida. Samarin unguwa sun kama Taufiq, ɗan hayar ɗakin ƙarshe, mai gyaran waya a Kejetia. Taufiq ba ya zama majalisa, ba ya da aboki, kullum kunnensa a toshe da waya, ga shi da kwamfuta. A Zango wannan ya isa a ce mutum ɗan sakawa ne, masu damfara ta intanet da ake cewa suna haɗawa da tsafi. An daɗe ana neman abin da za a rataya masa, yau an samu.

"Ku duba hannunsa!" in ji wani. Ashe maganar ƙunar ƙanƙara ta riga ta fita daga ɗakin ajiya, ba a san ta wace kafa ba. Yatsun Taufiq kuwa duk tabon ƙuna ne.

"Cale, abokai, ku sake ni! Ƙarfen liƙa waya ne! Baba, mepawocew, don Allah, gaya musu!"

Buraima ya kama hannun ya juya. Tabo ne baƙaƙe, busassu, wasu sun fi shekara. Ya sake shi, ya sunkuya a bakin zaure inda siminti ya ƙare, laka ta fara. An yi ruwa jiya bayan isha'i, ya ɗauke kafin asuba.

"Wa ke da takalmi mai zanen ƙashin kifi a ƙasa?"

Taufiq ya ɗaga ƙafa.

"Ga fitarsa nan, ruwa ya doke ta har ta kusa shafewa. Ga shigowarsa, sabuwa fil, a kan sawun masu dawowa daga sallar asuba. Yaron nan bai kwana a gida ba. Lokacin da ya shigo, mai kula ta riga ta fasa ihu."

"A shago na kwana," in ji Taufiq, yana gyara wuyan rigarsa. "Ruwa ya tare ni."

Samarin suka watse ba daɗi, kamar waɗanda aka ƙwace wa nama a baki. Ba wanda ya ba shi haƙuri. Ya shige ɗakinsa ya ja ƙofa. Buraima ya san irin wannan jan ƙofar, don shi ma haka yake jan tasa.

Ya ci gaba da duba lakar. Ban da masu sallah, ba wanda ya fita daga gidan tun saukar ruwa, kuma ba baƙon da ya shigo. Ke nan kwalaben suna cikin gida, ko kuma suna aljihun wani masallaci. Rana ta riga ta take tsakiya. Ruwaida tana tsaye a inuwa tana kallonsa, ba ta ce ya yi sauri ba, amma idonta ya faɗa.

* * *

An bincika ɗakuna, an buɗe tukwane, an leƙa kwata. Ba komai. Sai bayan azahar Buraima ya zaga bayan banɗaki, inda wata siririyar ƙasa ta rage tsakanin gini da katanga, da bishiyar lemun tsami guda. Nan matan gidan suke binne mabiyiya in an haihu. An share wurin da tsintsiya, shara mai kyau, wadda ta fi ƙarfin bayan banɗaki.

A gindin lemun ya ga ɗan tudu bai fi tafin hannu biyu ba. An lallaɓa shi da hannu, an yayyafa masa ruwa. Ya tsaya ya dubi inda rana take, ya dubi tudun. An daidaita shi da alƙibla.

Ya ja da baya. Ya kira Ruwaida shi kaɗai.

Ta durƙusa ta tona da yatsunta. Bai yi zurfi ba. Ta ciro wani farin ƙyalle da aka naɗe aka ɗaure a kai da tsakiya da ƙafa, yana ƙamshin turare. Ta kwance. Kwalaben suna jere, an wanke su tas, har rubutun jikinsu ya goge. Ta ɗaga ɗaya a rana. Ruwan ciki yana yawo, ja-ja, da ɗumi kamar shayin da ya huce.

"Akwai sauran dama?" in ji Buraima.

Ta girgiza kai. "Tun kafin asuba suke nan. Sun tafi, Baba."

Ta zauna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta rungume ƙyallen, sai yanzu kukan ya zo. Buraima ya tsaya a gefe da hularsa a hannu. Ya sha mayar wa mutane shanunsu a yanke, amma bai taɓa jin nauyin samun abu kamar yau ba.

* * *

Malam Sanni shi ke wankan gawa a unguwar, kuma shi ya ce da bakinsa, jiya a tsakar gida, ajiye naman mamaci ba binnewa haramun ne. Don haka Buraima ya same shi a zaure ya ajiye masa ƙyallen a gaba.

Malam ya daɗe yana kallon ɗaurin.

"Kana zargina, Buraima."

"Ina tambaya, Malam."

"Na ce haramun ne, yanzu ma in ka tambaye ni zan sake faɗa, ko da yake yarinyar ta kawo mini hujjoji da zan koma in duba. Amma ni in zan binne ɗan wana, da rana tsaka zan yi, da jama'a, a maƙabarta kusa da sauran jikinsa. Ba zan sa shi bayan banɗaki ba." Ya buɗe tafukansa, ya juya su. Ba ko ƙwarzane. "Wanda ya yi wannan ba ya iya fita zuwa maƙabarta. Kuma ya yi da ƙauna. Dubi yadda aka naɗe."

Hannun hagun da ya turo kofin ruwa ya dawo wa Buraima a rai, da ɗanyen ƙamshin nan. Ya so a ce bai gane ba. Ya so ya ɗauki sandarsa ya koma ɗakinsa ya ce tsufa ya ci idonsa. Amma yaron ɗakin ƙarshe yana nan, kuma in ba a sami mai laifi ba, Zango zai sake komawa kansa.

"Malam, a tara mutanen gida bayan la'asar. Mutanen gida kawai. A rufe zaure."

* * *

Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Malam Sanni a kan kujera, Mma Mamuna da zaninta a ɗaure kamar mai shirin dambe, Taufiq a can gefe jingine da bango, Ruwaida da ƙyallen a cinya. Zahra ta zauna a bakin ƙofarta, lulluɓe da mayafi har ƙasa. An tura Farhana maƙwabta.

Buraima bai iya doguwar magana ba.

"Ba sata aka yi ba a gidan nan, jana'iza aka yi. Wanda ya yi ta ya cusa hannu cikin ƙanƙarar da bai san tana ƙuna ba, ya daɗe yana laluben kwalabe a ƙasanta. Na ga hannun Mamuna. Na ga na Taufiq. Na ga na Malam."

Ya juya, bai ɗaga ido sosai ba.

"'Yata Zahra, na tsaya a ƙofarki da safe na ji ƙamshin lalle. Na ɗauka yarinya aka yi wa, amma na ga hannun yarinya, babu. Mai takaba ba ta ƙunshi, kuma ke ba wadda za ta karya wannan don kwalliya ba ce. Sai dai mu a gida, in mutum ya ƙone, lalle ake kwaɓawa a sa masa ya sanyaya. Ki yi haƙuri ki nuna wa gwaggon 'yarki hannunki na dama."

Ba wanda ya motsa. Daga nesa ana jin mai turoturo yana kiran fasinjan unguwar Oforikrom. A hankali hannun ya fito daga mayafi. Yatsu uku da gefen tafi sun kumbura, sun yi ruwa, lalle ya bushe a kansu ya tsattsage.

Mma Mamuna ta ce, "Ei, Allah," ta zauna daɓas.

"Ni ce," in ji Zahra. Muryarta ba ta rawa. "Ba zan ɓoye ba. Ina bayan labule jiya na ji Ruwaida tana cewa naman Baban Farhana ne, yana da rai. Ni ina nan zaune ina masa takaba, ba na fita, ba na shafa mai, ina roƙon Allah ya haskaka kabarinsa. Ashe wani yanki nasa yana cikin kwalba a hannun mutane, jiya kuma aka sa shi tsakanin ƙanƙara da sobolo. Mutumin da ko fanka ba ya so, saboda sanyi. Ko farce muka yanke muna binnewa, ko gashi. Na ce ba za a wuce da shi Ankara ba a yi ta yawo da shi. Ba ni da ikon zuwa maƙabarta, sai na sa shi inda aka binne mabiyiyar 'yarsa. Na wanke shi, na yi masa abin da na iya. In laifi ne, Baffa, ka yanke mini."

Malam Sanni ya sunkuyar da kai. Bai da abin yankewa.

Ruwaida ce ta yi magana, idonta a kan ƙyallen.

"Matar Yaya, me ya hana ki tambaye ni?"

"Ke me ya hana ki gaya mini? Mijina ne."

"Shi ya hana ni."

"Don me?"

Ruwaida ta dubi Buraima kamar mai neman ya tare mata. Ba abin da zai iya tarewa. Sai ta faɗa, a fili, ba kwana. Ciwon gado ne. Ya bi Baba, ya bi Yaya. Farhana tana iya kasancewa ta ɗauka, tana iya kasancewa ta tsira. Ƙwayoyin nan su ne hanyar gano inda tangarɗar take, don a duba yarinyar tun da sauran lokaci. Yaya ya ba da fatarsa ne saboda 'yarsa.

Zahra ta miƙa hannun mai ƙuna wajen ƙyallen.

"To a mayar da su cikin sanyin. Mma, buɗe firizar. Ruwaida, mayar da su."

"Sun mutu, Matar Yaya."

"To ki ɗebi na Farhana. Ki ɗebi nawa. Ki yanki duk inda kike so."

"Naki ba ciwon a ciki. Nata kuma ban san abin da zan nema ba tukuna. Sai da na wanda ciwon ya riga ya bayyana a jikinsa ake ganewa. Ina da hotuna, amma hoto ba ya amsa tambaya."

"To yaushe za ki sake samun irinsu?"

Ruwaida ta dubi ƙyallen da ke cinyarta.

"Sai in wani daga cikinmu ya fara."

Zahra ba ta yi ihu ba. Ta mayar da hannun cikin mayafi, ta tashi ta shige bayan labule. Taufiq ne ya fara barin wurin. Buraima ya ɗauki sandarsa, Malam ya miƙo masa goro da wani abu a dunƙule, ya karɓi goron kawai. A waje samari suka tare shi suna tambayar wane ne. Ya ce kwalaben sun faɗa bayan firiza ne sun lalace, ba ɓarawo. Ƙarya ce, kuma bai ji komai ba da ya yi ta. Ya koma ɗakinsa ya ja ƙofa, bai iya cin abinci ba.

* * *

Bayan 'yan kwanaki aka yi ruwa da safe. Yana ɗaukewa Mma Mamuna ta zo da kanta ta ce ana kiransa a gidan Malam Sanni.

Ya tarar da Zahra tsaye a bayan banɗaki, hannunta a naɗe da bandeji, Farhana tana riƙe da gefen mayafinta. An share siririyar ƙasar, an lallaɓe ta sumul.

"Baba, marigayi ya taɓa gaya mini wani abu. Ya ce tun kafin shi kansa ya ji komai, ka tare shi a kasuwar shanu ka ce masa ƙafarsa ta hagu tana ja, ya je asibiti. Ya yi maka dariya."

"An yi haka."

"To ga 'yarsa."

Buraima ya so ya ce mata shi ba likita ba ne. Ya so ya ce abin da idonsa zai gani, in ya gani, ya riga ya zo. Amma ta san wannan, a fuskarta yake.

Ya tsuguna ya ce wa yarinyar, "Farhana, cire takalmi. Tafi ki taɓo bishiyar can ki dawo. Kada ki yi gudu."

Ta ɗauka wasa ne. Ta tafi tana dariya, ta taɓo lemun, ta dawo. Buraima ya bi 'yan sawun ɗaya bayan ɗaya, yana kallon diddige, yana kallon inda yatsu suka danna suka tashi. Ya daɗe fiye da yadda ake bukata, don yana tsoron ya yi kuskure.

"Yau lafiya lau," in ji shi.

Zahra ta rufe ido ta saki numfashi. Ba ta ce na gode ba.

"In an sake ruwa, Baba, za ka zo?"

Ya ce zai zo. Ya riƙa zuwa kuwa, duk sanda aka yi ruwa, ya tsuguna, ya duba, ya faɗi kalmominsa, ya koma ɗakinsa. Da damina ta ɗauke, da bokiti Zahra take jiƙa ƙasar.